Tambaya da Amsa: Me Ke Toshe Riyaktar Kalsiyam Haɗin Gida?

Wasiƙu biyar muka zaɓa a wannan watan, dukkansu daga masu kiwon murjanin teku mai rai a tankin gilashi, kuma dukkansu a kan na'ura guda suke magana, wato riyaktar kalsiyam da mutum ya haɗa da hannunsa. Ga bayani a taƙaice saboda masu karatun da ba su taɓa ganin ta ba. Murjani mai tauri yana gina ƙashinsa ne da kalsiyam da kabonet da yake zuƙa daga ruwa, kuma a tankin da ke ajiye a falo babu tekun da zai mayar da abin da aka zuƙe. Riyakta rufaffen bututu ce da ake cikawa da tsakuwar aragonayit, wato sinadarin da ƙashin murjani ya ƙunsa, a riƙa ɗura mata iskar CO2 (kabon dayoksayid) daga silinda kaɗan-kaɗan har ruwan cikinta ya yi tsamin da zai narkar da tsakuwar, sannan wannan ruwa ya riƙa ɗigowa cikin tanki dare da rana. Masu kiwo a Jamus ne suka yaɗa ta a shekarun 1990. Ta kamfani tana da tsada, ga kuɗin jirgi ga na kwastan, shi ya sa da yawa suke haɗa tasu da bututun PVC da kayan masu aikin famfo. Haɗawar ba ta ba da wuya, amma a samu ɗigon ya yi watanni yana tafiya daidai, a nan gizo ke saƙar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tanki mai cin lita 400, kuma murjanin Acropora, mai tauri mai rassa, ne ya fi yawa a ciki. Na haɗa riyakta da bututu mai faɗin inci 4 da ƙaramin famfon juya ruwa, na sa bawul mai allura a bakin fita. Duk lokacin da na daidaita ɗigon, kwana uku ko huɗu yake yi ya fara raguwa, kafin mako ya zagayo ya tsaya cak. Na sauya bawul har sau biyu. Shin mai tsada zan nema, ko haɗin ne da kuskure?
Mai karatu daga Jidda, Saudiyya

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sake sayen bawul tukuna, domin abin da ya sami biyun farko shi zai sami na uku. Bawul mai allura, wato makunnin da ke matse hanyar ruwa da ɗan tsinke mai tsini, an ƙera shi ne domin iska ko ruwa mai tsabta. Idan ka matse shi har ruwan ya koma ɗigo, hanyar da ta rage a cikinsa 'yar siririyar kafa ce, kuma ta nan kake so ruwan da ya ratsa tsakuwa mai narkewa ya riƙa bi ba dare ba rana. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya ga irin wannan a wajen ƙarin ruwa, inda nas za ta daidaita ɗigo ta tafi, bayan awa guda ka duba ka ga ya ragu, alhali ruwan ledar babu ko ƙwayar ƙura a cikinsa. To, ina ga ruwan da ke ɗauke da gari?

Abin da za ka fara yi shi ne ka san abin da ya toshe maka hanya. Ka kwance bawul ɗin, ka kaɗe abin da ke ciki a kan baƙin faranti, ka murza shi da yatsa, sannan ka ɗiga masa ruwan khal. Idan farar laka ce mai laushi kamar gasara kuma ta yi kumfa, garin tsakuwa ne. Idan ɓawo ne mai tauri da ya manne sai an kankare, irin wanda ke taruwa a gindin butar lantarki, shi ma zai yi kumfa, amma asalinsa dabam ne. Idan kuwa abu ne ruwan ƙasa mai yauƙi wanda bai kula da khal ɗin ba, to dattin tanki ne ya biyo ruwan shiga.

Garin tsakuwa ta hanya biyu yake samuwa. Ta farko ita ce ƙurar da ke zuwa da ita a buhu, wadda maganinta a wanke tsakuwar a bokiti da ruwan RO, wato ruwan da na'urar tacewa ta cire wa gishiri da ma'adinai, a yi ta zubarwa ana sakewa har ruwan ya fito garau kafin a zuba ta a riyakta. Ta biyu, wadda ta fi yawa, ita ce tsami ya yi yawa. Aragonayit tana narkewa yadda ake so idan pH na cikin riyakta, wato ma'aunin tsami da ke sauka idan tsami ya ƙaru, yana tsakanin 6.5 da 6.8. Idan ya gangara ƙasa da haka sosai, ƙananan ƙwayoyin sukan rududduge su koma laka kafin su narke, lakar kuma ta bi ruwa ta je ta tsaya a ƙofar da ta fi ƙunci. Sau da yawa mai riyakta yakan rantse cewa pH ɗinsa bai taɓa sauka ƙasa da 6.6 ba, alhali sandar awonsa ta yi wata shida ba a daidaita ta ba, tana karanta abin da ba shi ne a ciki ba. A daidaita ta duk wata da ruwan gwaji mai pH 4 da mai pH 7. Sannan a zaɓi tsakuwa manya, daga girman wake zuwa na gyaɗa, domin ruwa yana ratsa su cikin sauƙi kuma ba sa cakuɗewa kamar masu girman gero. Ruwan famfon juyawa ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, a ɗora tsakuwar a kan faifan roba mai huji-huji, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninta da murfi, a kuma shimfiɗa soso mai manyan ramuka a samanta. Wanda ya cika bututu maƙil har bakin murfi don kada ya riƙa buɗewa akai-akai, shi ne zai fi kowa yawan buɗewa.

Ɓawo mai tauri shi ya fi ruɗar mutane, domin yana fitowa ko da ruwan riyakta garau yake. Narkewar da ke faruwa a ciki tana iya juyawa baya. Muddin CO2 tana cikin ruwan, kalsiyam da bayikabonet suna nan a narke, amma da zarar ruwan ya fito daga matsi ya haɗu da iskar waje, CO2 takan fara tserewa, pH ya hau, ruwan ya kasa riƙe abin da ya ɗauko, sai ya sauke shi a wuri mafi kusa, wato bayan allurar bawul da bakin tiyo. Haka duwatsun nan masu tsini da ke rataye a rufin kogo suke samuwa, sai dai na kogo shekaru aru-aru suke ɗauka, na tiyonka kuwa mako biyu ya ishe shi, saboda alkalinitin ruwan da ke fita daga riyakta, wato yawan kabonet da bayikabonet da ke narke a cikinsa, wanda ake aunawa da ma'aunin dKH, yakan kai dKH 25 zuwa 35, alhali na ruwan teku wajen 7 ne kacal. Don haka a sa bawul a jikin riyakta, ba a ƙarshen dogon tiyo ba. Tiyon da ke bayansa ya zama gajere, mai ɗan faɗi, ba shi da lanƙwasar da ruwa zai kwanta, kuma baƙi, domin gansakuka tana tsirowa a cikin farin tiyo idan hasken fitila yana dukansa. Bakinsa kuma kada a bar shi yana lilo a iska, inda gishiri da ɓawo za su bushe a kai. A nutsar da shi a cikin ƙaramin kofin roba da aka maƙala a gefen tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban tanki, kofin ya riƙa cika yana tumbatsa. A bar rarar tsawo a tiyon domin duk bayan mako biyu a datse santimita guda daga bakinsa da reza. Idan kana ɗiga kalkwasa, wato ruwan kalsiyam haidiroksayid, ko wani sinadarin ɗaga alkaliniti, ka nisanta shi da wannan kofi, domin haɗuwarsu farar ƙasa take haifarwa nan take.

Dattin tanki kuwa na san shi da idona. Akwai lokacin da na yi kwana biyu ina zargin sandar awo da regileta, wato na'urar da ke daidaita fitar CO2 daga silinda, daga ƙarshe na kwance bawul na busa, sai ga wani ɗan ƙwaron ruwa mai kama da jatan lande, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya faɗo a tafin hannuna a naɗe, ƙafafunsa duk a cike da farin gari. Famfon shigar da ruwa na ajiye a ƙasan tankin ƙasa, inda datti ke kwanciya, shi ya zuƙo shi. A ɗebi ruwan shiga daga ɗakin ƙarshe na tankin ƙasa, bayan ya wuce safar tacewa, a ɗaga famfon daga ƙasa, a kuma sa masa soso a baki wanda za a riƙa wankewa duk mako.

Duk wannan rage matsala ne. Abin da ke kawar da ita shi ne ka daina daidaita riyakta da bawul, ka koma daidaita ta da CO2. Mu ɗauka tankinka yana shan dKH 1 a rana. Idan ruwan tanki yana kan 8, na riyakta kuma yana fita a kan 28, kowace lita ta kawo rarar 20, don haka lita 20 kake bukata a rana, wato kusan mililita 14 a minti, kuma wannan ƙanƙantar ce ke tilasta maka matse bawul. Amma idan ka buɗe shi ruwan ya riƙa zuba siriri ba yankewa, a ce mililita 60 a minti, ka sami lita 86 a rana, kuma ruwan da ya fita a kan dKH 13 ma ya biya bukata. Tsakuwar da za ta narke ba ta sauya ba, kimanin giram 7 ne a rana ko ta wace hanya ka bi, amma ƙofar ta yi faɗi, ruwan kuma bai ɗauko kayan da zai sauke a hanya ba. Daga nan sai ka ɗaga pH na cikin riyakta zuwa kusan 7, ka riƙa auna alkalinitin tanki a lokaci guda kowace rana, idan yana sauka ka rage pH ɗin riyakta da 0.1, idan yana hawa ka ƙara shi da 0.1, kuma ka bar kwana biyu tsakanin gyara da gyara. Mai taɓa bawul da safe ya taɓa regileta da yamma, gyaran gangar Abzinawa yake yi. Wannan hanya tana da nata farashi, domin silinda za ta fi saurin ƙarewa, kuma rarar CO2 za ta iya danne pH na tanki. Ka sa kofin kusa da bakin sikima, wato na'urar da ke cire datti daga ruwa da kumfar iska, domin iskar ta fice, ka kuma lura kada pH na tanki ya sauka ƙasa da 7.8 da asuba.

Abu na ƙarshe, tunda Acropora kake kiwo. Ranar da ka tarar ɗigo ya tsaya, kada ka buɗe bawul a kan tanki, domin ruwan da ya kwana a ciki yana da tsami kuma fari ne kamar nono. Ka tare litar farko ko biyu a bokiti ka zubar. Idan alkaliniti ya faɗi a kwanakin toshewar, kada ka ɗaga shi fiye da dKH 1 a rana, domin Acropora ya fi jure wa ƙarancin alkaliniti a kan saurin sauyawarsa, kuma idan ya fusata daga gindi yake fara zubar da nama.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. An ba ni shawarar in sayi famfo mai matse tiyo in huta da bawul gaba ɗaya. Shin a bakin shiga ake sa shi ya tura, ko a bakin fita ya ja? Kuma ina da gidan filtar ruwan sha mai inci 10 da ba na amfani da shi, ko zai yi wani amfani a nan?
Mai karatu, wata uwargida daga Agege, Legas

AMSA: Hajiya, shawarar da aka ba ki mai kyau ce, kuma idan aljihu zai ɗauka, ita ce mafita mafi inganci. Wannan famfo yana da ƙananan tayoyi da ke bi ta kan tiyo mai laushi suna matse shi, kamar yadda ake tatsar nono, don haka adadin ruwan ya danganta ne da saurin juyawar injin, ba da ƙuncin wata kafa ba. Tiyon a buɗe yake, gari yana wucewa abinsa. Sai dai ki tabbata kin sayi wanda aka ƙera domin aiki ba tsayawa, irin su Kamoer FX-STP ko Masterflex na ɗakunan gwaji, domin ƙananan famfunan ɗiga sinadari da aka yi don su yi aikin 'yan mintoci a rana ba sa daɗewa idan aka bar su suna juyawa awa 24. Tiyon cikin kan famfon yana gajiya ya baje, ki ajiye na canji, ki kuma riƙa auna abin da ke fita a minti guda da kofin awo duk mako, domin raguwarsa ce alamar farko.

Batun turawa ko ja, masu kiwo sun rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Mai turawa ruwan tanki mai tsabta yake sha, amma idan bakin fita ya toshe ba zai daina turawa ba, zai yi ta tara matsi har ruwa ya nemi hanya ta murfi ko ta wurin da aka yi gam. Mai ja kuwa ba ya tara matsi, amma idan bakin shiga ne ya toshe, zai zuƙo iska ta duk inda haɗi bai kama sosai ba. Ga riyaktar da aka haɗa a gida, wadda ba a gwada murfinta a masana'anta ba, ni dai ja na fi so, domin iska ta shiga riyakta ya fi sauƙi a kan ruwan gishiri ya malale a falo da tsakar dare. Sharaɗin kawai shi ne soson bakin shiga ya riƙa samun wanki.

Gidan filtar nan kuma kada ki yar da shi. Ki cire filtar cikinsa, ki sa shi tsakanin riyakta da famfo, ki sauke ɗan bututu daga tsakiyar murfinsa zuwa kusa da gindi domin ruwa ya shiga ta ƙasa ya taso a hankali, ki zuba tsakuwa manya zuwa kashi biyu cikin uku, ki rufe da soso. Aiki biyu zai yi miki: gari zai kwanta a gindinsa inda za ki riƙa ganin sa idan jikin gidan garau ne, sannan rarar CO2 za ta ƙare a kan wannan tsakuwa, pH na ruwan fita ya ɗan ɗaga. Kada ki mayar da filtar auduga mai maikiron 1 ko 5 a ciki, domin ita kanta za ta zama sabon wurin toshewa. Ki kuma duba mahaɗan da ke jikinsa, domin wasu gidajen filta suna zuwa da zaren tagulla a bakinsu. Tagulla tana da jan ƙarfe, ruwan gishiri mai tsami yana cin sa, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana kashe murjani da jatan lande. Duk abin da ruwan zai taɓa ya zama roba, irin mahaɗan tiyon RO mai rubu'in inci da ake cusawa su kama.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni matsalata tana bin ɗauke wuta ne. Duk ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, washegari sai in tarar ruwan riyakta ya yi fari, ɗigo ya tsaya, wani lokaci ma kumfar CO2 ta ƙi fitowa sam. Mene ne haɗin wuta da toshewa?
Mai karatu daga Kubwa, Abuja

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Haɗin a fili yake, kuma abu biyu ne suke faruwa a gidanka. Silinda ba ta san an ɗauke wuta ba. Famfo ya tsaya, ruwa ya daina juyawa, amma idan babu bawul na lantarki a bayan regileta, CO2 tana nan tana shiga, tana taruwa a wuri guda, tana dafa tsakuwar da ke kusa har ta koma laka. Da wuta ta dawo, famfo ya kwashi lakar ya watsa ta ko'ina. Maganin wannan shi ne solenoyid, wato wannan bawul na lantarki, irin wanda ke rufe kansa idan babu wuta, kuma a jona shi a layi ɗaya da famfon juyawa. Na jaddada layi ɗaya saboda masu inbata, domin wanda ya ɗora solenoyid a kan inbata ya bar famfo a kan wutar gari ya koma gidan jiya. Ko dai duka biyun su hau inbata, ko duka su sauka tare.

Na biyu shi ne dalilin da kumfa take ƙin fitowa. Idan CO2 ta tsaya, wadda ta rage a cikin siririn tiyo takan narke a ruwan da ke bakinsa, sai ruwan gishiri ya riƙa hawa yana cike gurbinta har ya kai kwalbar ƙirga kumfa, wani lokaci har cikin regileta. Can zai bushe ya bar gishiri a kan allura, ya kuma ci ƙarfen. Bawul mai hana komawar ruwa irin na famfon iskar kifi, wanda ake sayarwa da araha, bai isa wannan aiki ba. A nemi wanda aka yi domin CO2, a sa biyu a jere, ɗaya kusa da riyakta ɗaya kusa da regileta, a ɗaga tiyon ya yi baka sama da murfin riyakta, a kuma riƙa sauya su duk shekara ko da ba su nuna alamar lalacewa ba. Kwalbar ƙirga kumfa ruwan RO ake zuba mata, ba ruwan tanki ba.

Tunda ana maganar silinda, ga wani abin da ke kawo laka ko da wuta ba ta yi ƙyaftawa ba. CO2 a cikin silinda ruwa-ruwa take, don haka agogon matsi ba ya sauka sai ta kusa ƙarewa ƙaf, kuma a daidai wannan lokaci regileta mai mataki ɗaya takan saki iska fiye da yadda aka daidaita ta. A riƙa ɗora silinda a sikeli, a cika ta kafin ta kai nan. A ajiye ta a tsaye, a ɗaure, a inuwa, musamman a watannin Maris da Afrilu, domin matsin da ke wajen bar 57 (bar ma'aunin matsi ne) a zafin digiri 20 yana haura bar 70 idan zafi ya kai 30. Silindar kashe gobara kuwa tana da bututu a ciki da ke ɗebo ruwan CO2 daga gindi, saboda haka ba a ɗaura mata regileta yadda take.

TAMBAYA: Malam, tsakuwar aragonayit sai an yi odarta daga waje. Ko zan iya amfani da ɓawon kawa da ake sa wa kaji a abinci, ko dutsen farar ƙasa irin na siminti?
Mai karatu daga Sakkwato

AMSA: Malam, dukkansu kalsiyam kabonet ne, don haka tambayarka tana kan hanya, amma ta fuskar toshewa ba na ba da shawarar ko ɗaya. Ɓawon kawa yawancinsa kalsayit ne, wani nau'in kalsiyam kabonet wanda ya fi aragonayit taurin narkewa, sai ka ƙara tsami kafin ya motsa. Ga shi fale-fale ne, yana kwanciya a kan juna kamar ganye ya toshe wa ruwa hanya, ruwan ya huda rami guda ya riƙa bi ta nan ya bar sauran. Na abincin kaji kuma an niƙa shi da ƙura mai yawa da ragowar nama, wanda ke iya kawo fosfet. Dutsen farar ƙasa irin na Kalambaina a nan wajenku, ko na Ashaka da Obajana, yana tafe da yumɓu da yashi da ƙarfe a jikinsa. Siminti yana son waɗannan, riyakta kuwa ba ta narkar da su, don haka duk giram ɗin da ya narke zai bar laka a baya, kuma ka riga ka san inda lakar za ta je.

Ka yi lissafi kafin tsadar ta tsorata ka. Tankin lita 400 mai shan dKH 1 a rana bai cin fiye da kilo 3 a shekara. Idan duk da haka odar ta gagara, ka ajiye riyakta ka koma hanyar ɗiga sinadarai da Hans-Werner Balling ya fito da ita a Jamus, wato kalsiyam kulorayid da sodiyam bayikabonet (baking soda) a mazubi dabam-dabam, wadda ba ta bukatar silinda ko tsakuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Iska tana taruwa a ƙarƙashin murfin riyaktata, famfo yana ƙara kamar yana tauna tsakuwa, ɗigon kuma yana yankewa yana tofar da kumfa. Na rage CO2 amma abin bai daina ba. Sannan yaushe ya kamata a kwance riyakta a wanke?
Mai karatu daga Landan, Ingila

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka rufe CO2 da dare ka bar famfo yana juyawa. Idan da safe iskar ta ɓace, CO2 ce da ta fi ƙarfin ruwan. Idan tana nan yadda ka bar ta, iskar waje ce, domin mafi yawanta nitirojin ne wanda ba ya narkewa a ruwa yadda CO2 take yi, kuma tunda ka rage gas abin bai daina ba, ita na fi zargi. Ta kan shigo ne idan famfon shiga yana shan ruwa kusa da inda sikima ke zubar da ƙananan kumfa, ko ta wani haɗi da bai kama ba a ɓangaren da famfon juyawa ke zuƙa. Ka matsar da famfon shiga, ka sake naɗa farin tef a zaren mahaɗai, ka shafa man silikon a zoben robar murfi. Idan kuma CO2 ce, ka huda murfi a wuri mafi tudu ka ja siririn tiyo zuwa bakin zuƙar famfo domin iskar ta riƙa komawa ana niƙa ta, tiyon fita kuma ya nutsa santimita biyu ƙasa da murfi.

Wanki kuwa, duk wata uku zuwa shida, ko lokacin da tsakuwa ta ragu zuwa rabi. Ka juye ta a rariya ka ɗauraye, ka zubar da lakar gindi, kada ka zuba sabuwa a kan tsohuwar da ta dunƙule. Ka zare farfelar famfo ka jiƙa ta awa biyu a ruwan khal ko ruwan garin sitrik tare da bawul da mahaɗai, domin ɓawo ya fi son maganaɗisun farfela saboda ɗuminsa, sannan ka ɗauraye su da ruwan RO. Bayan ka mayar da komai, ka cika riyakta ka bar ta tana zuba a bokiti har ruwan ya washe kafin ka mayar da tiyo cikin kofi, CO2 kuma sai bayan ka tabbata iskar da ke ciki ta gama fita.